Ƙaurar da Ta Bar Muryar Ɗangana a Baya

Akwai wani saurayi a Garhanga, can cikin duwatsun ƙasar Keita a yankin Adar, ana ce masa Imrana. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tashar garin zai tuna rumfarsa. Wayoyin mutane jere a kan tebur suna shan wuta, shi kuma yana zaune bayan su da ƙaramin turnabis na kwance waya a bayan kunne.

Karatunsa bai yi nisa ba, a shekara ta biyu ya bar kwalej. Amma in dai maganar waya ce, duk garin shi ake nema. Abokai suka sa masa Injiniya don tsiya, shi ko ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Mahaifinsa shi ne Ɗangana, manomi, dogon tsoho mai dariyar da ake ji daga ƙetaren korama. Da ƙuruciyarsa yana cikin waɗanda suka ɗauki dutse a ka, suka jera shi a kan fako, suka haƙa ramu suka dasa itacen da yau ake shan inuwarsu. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Amma labarin gari a bakinsa yake kwana.

Ku da kuka san Adar kun san yadda take. Da an ɗaure damman ƙarshe, maza sun ɗauki jaka sun tafi biɗa. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu Agadas har gaba. Gari ya yi shiru, sai mata da tsofaffi da kukan jakai.

A Madawa akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ana ce masa Mushe Tasi'u kamar yadda ake kiran malaman boko a can, mai son na'ura kamar ransa. Shi ya buɗe wa 'yan biɗa wani zaure a waya. Irin zauren nan ne da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Gidaje ne ƙanana barkatai a duniya, kowane da mai shi, amma suna jin juna, na wannan gida yana iya bin na wancan. Gidan mutanen Adar wata na'ura ce ta aro da ke ƙarƙashin teburin Mushe Tasi'u.

Imrana ya buɗe wa mahaifinsa shafi a can. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, tsohon zai zauna gindin bedi, itacen dogonyaron da ke tsakar gida, ya gyara hula kamar ana ganinsa, ya ce a kunna.

"Salamu alaikum 'yan biɗa. Ɗangana na, daga Garhanga. Ruwa ya sauka Talata, korama ta kawo har gonar Bawa. Katangar liman ta hwaɗi, ba ta taɓa kowa ba sai tukunya guda. Kai kuma Lurwanu, uwarka ta ce in gaya ma ba ta mutu ba. Lambarta na nan yadda ka bar ta."

Haka yake yi. Wa ya haihu, wa ya rasu, rijiyar wa ta ƙafe, akuyar wa ta shiga gonar wa. Ya kira mutane da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa wannan tsiya, ya yi wa wancan addu'a. Wani lokaci ya ɓace cikin labarin da, yadda tudun nan yake tsirara kafin a dasa masa itace, da waƙar da mata ke yi suna ɗaukar dutse.

In ya gama, Imrana ya hau dutsen bayan gari inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ya tura. Da ta tafi sai ya goge ta daga wayarsa, don wayar ƙarama ce, ba ta da wuri. Ai tana can a ajiye.

Mutane a Abijan sukan taru ɗaki guda su saurara. Akwai wanda ya ce in ya ji muryar, har ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa yake ji.

Wata rana tsohon ya tambayi ɗansa ina ne muryar ke sauka in ta tashi daga kan dutse. Imrana ya ce ana ce wa wurin serber, amma a wata manhajar ensitans suke cewa, a wata kuma rele.

"Abu guda suna ukku?" in ji Ɗangana. "Ko ɗan hwari ba ya samun haka. To wane na na yanka?"

"Baba, ba ka ganewa ko na yi ma bayani."

Tsohon ya yi dariyarsa, ya ce to Injiniya, Allah shi ƙara sani.

Shekara uku ana haka.

A damina ta huɗu, kwana biyu bayan shukar fari, Ɗangana ya dawo daga gona yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi. Kwana uku ya yi a kwance. A rana ta huɗu ya cika, da hantsi aka kai shi.

Matarsa Kaltuma ta shiga takaba. Ranar sadakar uku, wani baƙo da ya zo gaisuwa, mai wayar da ke kama rezo har cikin gari, ya kunna muryar marigayin a ƙofar gida, da kyakkyawar niyya. Kaltuma tana fitowa daga ɗaki dariyar mijinta ta tarbe ta. Ta dafa bango, ta sulale ƙasa, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Da ta dawo hayyacinta ta kira 'ya'yanta. Ta ce kada wanda ya sake kunna muryar nan, a gida ko a waje, sai an yi sadakar arba'in. Ranar, in Allah ya kai rai, za ta zauna ta saurare shi tun daga ta farko har ta ƙarshe, ko zai ɗauke ta wata guda. Ta ce lokacin da yake yi ba ta taɓa zama ta ji ba, kullum tana bakin murhu, tana cewa surutunsa ne na banza.

Imrana ya yi mata alkawari. A ransa ma daɗi ya ji, don shi kansa ko hoton shafin ba ya iya kallo.

Kwana goma sha biyu da rasuwar, saƙo ya zo daga Mushe Tasi'u. An yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can arewa inda babu wuta. Na'urar kuma ta aro ce, za a goge ta a mayar wa mai ita. Nan da kwana ashirin da uku gidan zai rufe, kowa ya kwashe nasa ya koma wani gida.

Saƙon dogo ne, da Hausa ya rubuta shi, mataki bayan mataki. Imrana ya karanta layi huɗu na sama ya rufe. Ya taɓa yin irin wannan. A wata manhaja daban da yake da shafi, akwai maɓalli da ake ce wa transfer, ka danna shi sau ɗaya, duk abin da ka mallaka ya bi ka sabon wuri.

Ya hau dutse ya buɗe saitin shafin mahaifinsa, yana kauda ido daga hoton. A nan babu transfer. Akwai wani abu migirasiyo, akwai wani ekspor. Ya nemi bayani da Faransanci. Na farko ya ce a yi arshif. Na biyu bai ambaci arshif ba ko sau ɗaya, ekspor yake ta faɗa. Na uku ashe ma kan wata manhaja yake magana, inda ake ce wa gidan rele. Kowa da sunan da yake kiran abu, kowa kuma yana rubutu kamar nasa ne duniya ta sani.

Kansa ya ɗau zafi. Ya ce a ransa duk abu guda ne, masu yin manhaja ne ke son yawan suna. Migirasiyo ta fi kama da wanda ya sani. Ya buɗe sabon shafi a wani gida, ya haɗa su, ya danna.

Washegari ya leƙa da gefen ido. Ga sunan Ɗangana. Ga hoton da ya ɗora. Ga mabiya ɗari huɗu da wani abu sun iso, ba wanda ya ɓace. Bai gangara ƙasa inda muryoyin ke jeruwa ba. Ya san in ya gan su yatsansa zai taɓa ɗaya, ga kuma alkawarin Inna. Ya kashe waya ya sauko.

Mushe Tasi'u ya kira shi bayan kwana biyu. Ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce shafin tsohon ne ya fi damunsa cikin duka. Ya ce ya zo Madawa ranar kasuwa su zauna su yi aikin tare, ba zai ɗauki sa'a guda ba.

"Mushe, na gama tun shekaranjiya."

"Har muryoyin? Ka sauke su a hannunka?"

"Komi ya iso. Aikina na hwa, Mushe."

Malamin ya ce to madalla. Ya sake kira sau biyu cikin makon, Imrana yana ganin sunan ya bar ta ta yi ta ƙara.

A gidan akwai yayarsa Zaliha, wadda ke aure a Allakai, ta zo zaman makoki ta tsaya taya Inna. Ba ta yi lakwal ba, amma ba a rufe ta da magana. Ta ji zancen rufe gidan a bakin mata wajen rijiya. Da ta dawo ta same shi yana cin tuwo, ta aje tulu ta tsaya a kansa.

Ta tambaye shi mene ne migirasiyo. Ya ce ƙaura. Ta ce to ekspor fa, da ta ji matar Lurwanu na faɗa? Ya ce shi ma kusan haka. Ta ce in kusan haka ne, me ya sa aka yi su biyu?

"Yaya, wanga ba dakan hura ba na."

"Na sani, Injiniya. Amma ka ji shi da kunnenka a sabon wurin?"

"Inna ta hana."

"Inna ta hana a kunna. Ba ta hana a duba ba. Ba wani waya shi tahi bayan gari shi duba, shi zo shi gaya muna."

Imrana ya ture kwano. Ya ce shekara uku shi ke hawa dutse da rana da iska, ba wanda ya taɓa raka shi, sai yau kowa ya zama malami. Ya ce wanda bai san A ba ya bar masu sani su yi aikinsu.

Zaliha ta dube shi ta daɗe. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta ɗauki tulunta ta wuce.

Ranar rufewa ta zo ta wuce, ba wanda ya lura. Gero ya kai gwiwa, ana noman fari.

Ranar arba'in gida ya cika. 'Yan biɗa da yawa sun dawo noma, suka zo da kansu. Aka yi addu'a, aka raba gumba da waina. Bayan la'asar baƙi suka ragu. Kaltuma ta sa aka shimfiɗa mata tabarma gindin bedi, daidai inda yake zama. Ta yi alwala, ta gyara mayafi, ta zauna.

"Imrana, kawo mini shi."

Ya ce sai ya hau dutse ya sauko da ta farkon, yanzu zai dawo. Ya tafi da sauri, kamar wanda zai tarbi matafiyi.

A kan dutse ya buɗe shafin. Suna, hoto, mabiya. Ya gangara ƙasa. Fili fari.

Ya ce rezo ne. Ya matsa gaba, ya ɗaga waya sama, ya kashe ya kunna. Fili fari. Ya nemi tsohon gidan, waya ta ce babu wuri mai wannan suna.

Ya kira Mushe Tasi'u. Sai a kira na huɗu ta shiga, muryar na zuwa tana yankewa.

Malamin ya saurare shi har ya gama, sannan ya yi salati a hankali. Ya ce a wannan manhajar migirasiyo mutane kawai take kwashewa, masu bin ka. Abin da ka ɗora ba ya bin ta. Shi sai an yi ekspor, a sauke shi a waya ko a katin ajiya na waya. Ya ce ya rubuta haka a saƙon, can wajen tsakiya, har sau biyu.

"Amma Mushe, a waccan da na sani dannawa guda ta."

"Waccan daban, wagga daban, Imrana. Ko mu da muka daɗe ciki sunayen na ruɗa mu. Shi ya sa na ce ka zo."

Imrana ya tambayi na'urar. An goge ta kwana biyar da suka wuce, ta koma wurin mai ita. Ya tambayi sauran gidajen da ke jin nasu. Malamin ya ce sukan riƙe abin maƙwabta na ɗan lokaci ne su zubar, amma zai tambaya. Ya ƙara da cewa shi ma da laifinsa, da ya sani da ya ajiye kwafi bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Wannan maganar ta fi zagi yi wa Imrana ciwo.

Ya zauna a kan dutsen. Daga nan ana hango gari duka, da layukan duwatsun da mahaifinsa ya jera, da itacen da suka girma a bayansu. Yana hango bedin gidansu ma. Ya san wadda ke zaune a ƙarƙashinsa.

Saukowar nan ita ce tafiya mafi tsawo da ya taɓa yi.

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata, bai ɓoye komai ba. Ya faɗi saƙon da bai karanta ba, da kiran da bai ɗauka ba, da abin da ya ce wa Zaliha. Kaltuma ba ta yi kuka ba. Ta shafa tabarmar gefenta da tafin hannu, ta ce Allah ya sa haka ne alheri. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. A na uku Zaliha ta same shi bayan rumbu. Ba ta tuna masa da komai ba. Ta ce mutum ɗari huɗu ke sauraren Baba, ya tambaye su mana, ko wani ya ajiye.

Ya ce da wane baki? Duk sun san shi da Injiniya.

Ta ce da bakin da ya ce komi ya iso.

Ranar Juma'a bayan masallaci Imrana ya hau dutse ya ɗauki muryarsa, ya ɗora a shafin mahaifinsa. Bai sa kalmar Faransanci ko ɗaya ba.

"Ni na Imrana ɗan Ɗangana. Muryar Baba ta ɓace, ni na ɓad da ta. An so a gwada mini, na ce na sani, alhali ban sani ba. Inna ba ta taɓa jin ko guda ba. Wanda Allah ya sa ya aje wani abu, ko na numfashi guda na, don Allah shi taimake mu."

Amsoshi suka yi ta zuwa. Daga Abijan, daga Legas, daga Buza. Kowa na jajantawa, kowa na faɗin wadda ya fi tunawa. Amma ba wanda ya ajiye. Duk a can suke saurare su rufe, kowa ya ɗauka tana nan har abada. Mushe Tasi'u ma ya dawo da amsar sauran gidajen, babu.

A kwana na tara wani saƙo ya shigo daga mutumin da Imrana bai sani ba. Mahfuzu sunansa, ɗan Urno, direban babbar motar albasa. Ya ce shekara biyu da suka wuce matarsa ta haihu yana kan hanya, Ɗangana ya yi wa jaririyar addu'a a cikin labarin Juma'a. Shi kuma ya yanko wurin ya ajiye a kati don yarinyar ta ji in ta girma. Ya ce gajere ne ƙwarai, a yi haƙuri.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Wannan karon Imrana ya sauke shi a waya, ya sa a kati, ya tura wa Zaliha, ya tura wa Mushe Tasi'u. Sannan ya sauko gida.

Kaltuma na tsince wake a ƙofar ɗaki. Ya aje wayar kan faifai ya kunna.

"Kai Mahfuzu na Urno, in kana ji, an yi ma ɗiya. Allah shi raya ta, shi sa ta ɗauko hankalin uwarta, kada ta ɗauko tuƙin ubanta."

Dariyar ta tashi, ta cika tsakar gida. Can bayanta ana jin kaza, da ƙarar ludayi a ƙwarya. Sai wata murya daga nesa, ta mace, tana cewa wai surutun bai ƙare ba, fura na tsami.

"Kun ji ta ko? Uwar ɗiyana ta. Shekara talatin da huɗu tana kashe mini labari a tsakiya. To ina zuwa, ina zuwa."

Nan ya yanke.

Kaltuma ta riƙe wake a hannu ba ta motsa ba. Ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a sake. A na uku ta yi murmushi, hawaye na bin murmushin.

Imrana ya sunkuyar da kai ya ce ta yafe masa, cikin Juma'a ɗari da hamsin wannan kaɗai ya rage.

Ta goge fuska da bakin mayafi.

"Ni ya ishe ni, ɗana. Ni na ji shi har na gaji. Ɗiyan da za ka haihwa nike ji ma. Sai ka zamna ka tuno abin da ya hwaɗi, ka gaya musu da bakinka."

Darasi: Suna ba shi ne aiki ba. A waɗannan zaurukan na waya kowane gida da yadda yake kiran abu, maɓallin da ya kwashe maka komai a can yana iya barin komai a nan. Kada kunyar a ce ba ka sani ba ta hana ka tambaya. In mai sani ya ce zo mu yi tare, ka je. In wanda kake gani bai yi karatu ba ya ce ka duba, ka duba. Abin da ba ka da na biyunsa, muryar uwa, muryar uba, ka sauke shi a hannunka yau, ka ajiye wuri biyu, ka kunna ka ji da kunnenka. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa na gida da na biɗa, musamman masu tsofaffi da rai. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya sa muryarsu ta gaba da za mu ji a Aljanna ce.